Ruwan Da Na Hana Ɗiyata

Assalamu alaikum, edita da masu karatu. Da Allah zai ba ni damar gyara abu guda cikin abin da na aikata a rayuwata, ba zan nemi ƙuruciya ko ƙarfin idon da ya tafi ba. Zan roƙi a mai da ni wani wuni na damina da ya daɗe da wucewa, in shiga ɗaki in tallafi kan ɗiyata in ba ta ruwa ta sha. Ta roƙe ni ruwa na hana ta, kuma na hana ta ne ina ganin ceton ta nake yi. Na tsufa da wannan magana a cikina, shi ya sa na ga ya kamata in rubuto ta kafin a ɗauke ni.

A wancan lokaci ni magidanci ne a wani ƙauye tsakanin Kebbe da Tambuwal, ya fi kusa da Kebbe. Na yi elementare a Tambuwal zamanin En'e, wato hukumar gargajiya, ban wuce nan ba, amma a garinmu wannan ya isa a kira mutum Malam. A zamanin Jihar Arewa an ɗauke ni aikin koyar da manya karatu, abin da ake kira yaƙi da jahilci. Da rani nakan tara magidanta a gindin tsamiya ina nuna musu baƙi da wasali, damina ta faɗi kowa ya koma gona har da ni. In gardama ta kaure a majalisa sai a ce a tambayi Malam, abin da na faɗa kuma ya zauna. Ban ɓoye muku ba, ina jin daɗin haka, har na kai ga ba na iya cewa ban sani ba.

An haifi ɗiyata ta fari a shekarar da aka ba ƙasarmu mulkin kai. Yaran yanzu ba za su gane yadda muka riƙe kunyar ɗan fari ba. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutum ba. In ina son a aike ta sai in ce a gaya wa yarinyar nan. In na sayo mata ɗankunne a kasuwa sai in miƙa wa mahaifiyata in ce na tsinta a hanya. Uwarta ma ta fi ni, domin ko kuka yarinyar take yi ba ta waiwaya in akwai ido. Ita kuwa yarinyar Malam take kira na, kamar yadda ta ji kowa na kira. Da aka yaye ta sai mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Can take kwana, can take ci. Su biyun kullum cikin tsiya suke. Inna ta ce mata mai kan ƙwarya, ita ta ce wa Inna mai haƙori ɗaya kamar gatari, a yi ta dariya. Duk son da ni da uwarta muka kasa nunawa, Inna ce ke nuna shi a madadinmu, mu kuma muka saki jiki da hakan.

Bayan an raba Jihar Arewa, yaƙin basasa kuma ya ƙare, sai wata cuta ta shigo ƙasarmu wadda ko dattawa ba su san irinta ba. Mun san zawo, mun san atuni, amma wannan dabam ce. Mutum zai tashi lafiya ya tafi gona, kafin la'asar a ɗauko shi ido ya faɗa, murya ta dishe, yana zubar da ruwa ta sama da ta ƙasa. Abin da ke fita ba ya kama da bayan gida, fari ne tsululu kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Babu zazzaɓi, sai dai jijiyoyin ƙafa su riƙa ɗaurewa mutum yana ihu. Mu amai da gudawa muke ce mata, sai daga baya muka ji sunan kwalara. A gidanmu Inna ta fara kamawa, bayan ta je jinyar wata ƙawarta a unguwar gabas. Ƙishirwa ta dame ta, muka yi ta ba ta ruwa daga randar ɗakinta. Ta kafa kai ta shanye moɗa guda, kafin a aje moɗar ta amayar da shi. Ɗiyata ce ke gindinta, ita ke kwashe kasko, ita ke wanke zannuwanta a bakin rijiyar gida. Washegari kafin azahar Inna ta cika.

Muka yi jana'iza muka zauna karɓar gaisuwa a zaure. A wurin zaman nan ne maganar ta taso. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce shi fa ya lura, duk wanda aka ɗura wa ruwa shi ke saurin tafiya, domin ruwa ke ciyar da cutar. Wani ya ce ai tulun da ya huje ba a ƙara masa ruwa, sai a bar shi ya bushe a liƙe. Aka juyo gare ni, aka ce Malam, kai da ka yi boko, mi ka gani? Ban san komai a kan wannan cuta ba. Ba a koya mana ita a makaranta ba, ban kuma taɓa karanta ta a ko'ina ba. Amma na ga abin da ya sami Inna da idona, kuma mutane sun zuba mini ido. Sai na gyara zama na ce maganar dattijo gaskiya ce, abin da bai shiga ba ba zai fita ba, duk wanda ta kama a tsare shi daga ruwa har cikin ya ɗaure. Na faɗe ta da murya irin ta mai koyarwa, aka yi ta gyaɗa kai. Allah kaɗai ya san gida nawa wannan magana tawa ta shiga.

Ba a yi sadakar uku ba ɗiyata ta kwanta. Da hantsi maiɗakina ta zo bayan zanan zaure ta yi gyaran murya, na leƙa, ta ce mini a hankali yarinyar nan ta fara irin na Inna. Na shiga cikin gida. Ban shiga ɗakin ba, a bakin ƙofa na tsaya. Na hango ta kwance a tabarmar Inna ta dunƙule. Na sa aka mirgino randar aka fitar da ita tsakar gida, na ɗauke moɗa da buta, na kai su ɗakina na rufe. Na ce wa uwarta ko ɗigo kada ta ba ta, in abin ya yi tsanani ta jiƙa tsumma ta shafa mata a leɓe. Na ƙara da cewa in ta saɓa mini ban yafe ba. Ta dube ni, sai ta sunkuyar da kai. A zamaninmu mace ba ta jayayya da miji a kan ɗan fari, za a ce ba ta da kunya. Na koma zaure na zauna cikin mutane.

Tsakanin zauren da ɗakin Inna babu nisa, zana ce kawai da ɗan fili. Tun kafin azahar na fara jin muryarta. Da farko Inna take kira, ta manta Inna ba ta nan. Da ta gaji sai ta koma kaina. "Malam, ruwa nika so. Malam, ko kaɗan." Haka take ta maimaitawa. Duk wanda ke zauren yana ji. Masu gaisuwa suna shigowa, ina amsa musu, ina shafa fatiha, ina cewa Allah ya ba da lada, kamar ba ni ake kira ba. Ƙafafuna suna so su tashi, amma ina tunanin abin da za a ce: Malam ya bar zaman makokin uwarsa ya ruga wurin ɗiyar fari. Dattijon nan ya dafa gwiwata ya ce in daure, gobe war haka tana tsakar gida tana tsalle, ita da kanta za ta gode mini. Da la'asar muryar ta koma kamar ta tsohuwa, can ƙasa, sai ka kasa kunne za ka ji. Na ce a raina ta fara samun sauƙi ke nan.

Da gari ya waye wani falke ɗan garinmu da ya dawo daga Tambuwal ya zo gaisuwa. Ya ce can an kafa rumfuna a bayan asibiti, ma'aikata sun zo daga Sakkwato, ana rataya kwalba ana sa wa mutum ruwa ta jijiyar hannu, kuma ya ga wanda aka kawo kamar gawa ya tashi zaune yana neman fura. Aka yi masa dariya a zauren. Wani ya ce to ga masu ƙara wa tulu ruwa can. Ni ma na yi murmushi, amma maganar ta shige ni. Na tashi na shiga gida, wannan karon har cikin ɗakin. Abin da na gani bai bar ni ba har yau. Idanunta sun shige ciki, kumatunta sun lotsa, yatsunta sun yamutse kamar na wadda ta wuni tana wanki. Amai ya tsaya, gudawar ba ta tsaya ba. Uwarta tana zaune a gefe ta juya fuska ga bango. Ban yi shawara da kowa ba, na ɗaura wa jaki akumari, na naɗe yarinyar a zanen Inna na ɗauke ta. Ranar ce na fara ɗaukarta tun da aka haife ta. Ba ta fi nauyin damin kara ba.

Hanyar Tambuwal a lokacin ba hanya ba ce, laka ce da kwazazzabai, mota ba ta shiga da damina. Na hau jakin na rungume ta a ƙirjina, inda laka ta yi yawa in sauka in goya ta. Na rataya gorar ruwa a kafaɗa saboda tafiya. Ku dubi wautata: ina kai ta inda aka ce ruwa ake sa wa mutane su tashi, amma ban yarda in ba ta na gorar ba. Na ce wa kaina na kwalba magani ne na Turawa, wannan kuwa shi ya kashe Inna. Muka iso wani rafi da ruwan sama ya cika, ruwan yana gudu har gwiwa. Ƙarar ruwan ta sa ta buɗe ido. Ba ta iya magana sosai, sai ta zaro hannu daga cikin zanen ta miƙa shi wajen rafin. Na kama hannun na mai da shi ciki, na ja zanen na rufe mata fuska har muka haye.

Akwai abin da ya fi wannan, ban taɓa gaya wa kowa ba sai mutum ɗaya. Da rana ta take, ƙishirwa ta kama ni. Na kwantar da ita a inuwar wata kuka, na koma bayan itacen na juya baya, na buɗe gorar na sha. Na ɗauka ba ta cikin hayyacinta. Da na dawo na tarar idonta a buɗe, tana kallon gemuna inda ruwa ya jiƙa. Ba ta roƙa ba. Leɓenta ya motsa, na kai kunne, sai na ji ta ce, "Malam, da sanyi?" Na ce mata ta yi haƙuri mun kusa. Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakanina da ita.

Mun shiga Tambuwal rana ta yi ƙasa. Tun muna bayan gari na ji jikinta ya sake a hannuna, amma na ƙi dubawa. A rumfar, wani malamin asibiti mai furfura ya karɓe ta ya shimfiɗe. Ya taɓa wuyanta, ya ɗaga fatar cikinta da yatsu biyu ya saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ya rufe ta da zanen ya yi salati. Sannan ya tambaye ni yaushe rabonta da shan wani abu. Na gaya masa, har ina ƙara bayanin dalilina, domin har a lokacin ina jin na yi daidai. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya kama hannuna ya zaga da ni cikin rumfar. Ga mutane kwance a kan gadajen kara, wasu da kwalba a rataye, wasu kuwa mata ne zaune a kansu da ludayi suna ba su dafaffen ruwa kaɗan-kaɗan, in sun amayar a dakata a sake ba su. Ya ce mini wannan cuta ba ta da wani makami sai tsotse ruwan jiki, wanda aka riƙa mayar masa da abin da ya zubar yakan tashi, wanda aka bari ya bushe shi ke tafiya. Na ce to uwata fa, ai mun ba ta. Ya ce tsohuwa ce, ga shi ta riƙa kwankwaɗa da yawa lokaci guda, kuma abin da take zubarwa ya fi ƙarfin baki, ita kwalba take buƙata. Ba ruwan ya kashe ta ba, rashin isarsa ne. Ya ce yarinya mai ƙarfi kamar wannan, da an yi ta ɗiga mata tun jiya, da wataƙila ta iso da rai, in ta iso da rai kuwa da sun san abin yi. Ya tambaye ni sunanta. Na buɗe baki na faɗa, karo na farko a rayuwata, ga baƙon da bai san ta ba.

Ba a bari na koma da ita gida ba, saboda cutar na bin gawa da ruwan wankanta. A Tambuwal aka yi mata sutura, mutanen da ban sani ba suka tsaya mini sahu. Kafin in taho malamin asibitin ya ƙara mini bayani cewa wasu ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, suna fita cikin bayan gidan majinyaci, su bi hannu da ƙuda da ruwan sama su koma rijiya da abinci. Nan na tuna inda aka wanke zannuwan Inna. Da na koma gida na sa aka daina shan rijiyarmu sai an tafasa, na bi gida-gida ina cewa a ba majinyata ruwa, likita ya ce. Amma ban taɓa tsayawa a zaure na ce maganata ta farko kuskure ce ba, na bar ta kamar ba ni na faɗa ba. Maiɗakina kuwa da ta ga na shigo da jaki babu kowa a kai, abin da na ce mata kawai shi ne kwana ya ƙare. Ban ƙara mata komai a kai ba. Ita ma ba ta yi kuka a gaban mutane ba, saboda kunya. Ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Muka ci gaba da zama, Allah ya ba mu wasu 'ya'ya, suka girma suka yi aure. Ba mu taɓa ta da maganar ba. Sai da tsufa ya kama mu, ciwon da ya zama ajalin maiɗakina ya kwantar da ita, wata rana da hantsi ta sa aka fita aka bar mu. Ta ce tana neman gafarata a kan abu guda. Ta ce a ranar nan, da na fita sallar la'asar, ta kasa daurewa, ta ɗebo ruwa rabin ludayi daga randar tsakar gida ta ba yarinyar. Ta ce tun daga ranar ba ta daina ganin ita ta kashe ta ba, domin ta karya umarnina. Ko da ta ji daga baya ana cewa a ba majinyaci ruwa, zuciyarta ba ta saki ba, tana ganin ai ni na ce ban yafe ba, kuma bakin miji ba ya faɗuwa banza. Shekaru masu yawa tana azumin nafila a kan wannan, ni ina gefe ina zaton ibada ce kawai. Na zauna a bakin gadon na gaya mata komai, maganar malamin asibiti, da rafin, da abin da ya faru a gindin kuka. Ta saurare ni har na gama. Can sai ta ce, ashe da na ba ta duka. Ta juya fuska ga bango. Daga baya ta ce ta yafe mini, na kuma yarda ta yafe, domin ba ta ƙarya. Amma na hana ɗiya ruwa wuni biyu, na hana uwarta gaskiya kusan duk rayuwarta, kuma na biyun da sanina na yi.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ban kuma yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Sai dai an umarce mu da neman magani, an kuma hana mu faɗin abin da ba mu da ilimi a kai, ni kuwa na saɓa duka biyun. Har gobe cutar nan tana dawowa da damina a ƙauyukanmu, kuma har gobe nakan ji wani yana cewa a rage wa mai gudawa ruwa.  Yanzu abin ya zo da sauƙi, akwai garin gishiri da sukari na ƙulli a asibiti da shagon magani, ma'aikatan lafiya suna nuna yadda ake haɗa shi. Don Allah duk wanda nasa ya kamu, ya fara ba shi tun daga zawon farko, da tsabtataccen ruwa, kaɗan-kaɗan ba tsayawa, ko yana amayarwa, kuma a kama hanyar asibiti ana ba shi a hanya, kada a jira gobe. A nisanta kayan majinyaci daga rijiya, a wanke hannu da sabulu.

Ku kuma da ake tambaya a majalisa saboda an ga kun yi karatu ko kun yi furfura, in ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba. Ban ce a yar da kunya ba, da ita aka rene mu. Amma in ɗanka yana kwance yana kiranka, na fari ne ko na ƙarshe, ko sarki ne zaune a zaurenka, ka tashi ka je. Ina roƙon wanda ya karanta wannan ya sa ɗiyata da uwarta a addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara. Kada wani ya yi abin da na yi.